Yadda Ake Tsabtace Farin Kambas a Dawo da Haskensa Ba Tare da Ruwa Ba

Duk wanda ya taɓa sa farin kambas ya fito daga Badariya ko Gesse ya nufi babbar kasuwar Birnin Kebbi a tsakiyar hunturu, ya san cewa kafin ya dawo gida takalmin ya sauya kama, domin ƙurar da iska ke kwasowa tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu ba ta ƙyale ko abin da ke cikin ɗaki ba, balle wanda yake taka hanya. Abin da akasarin mutane suka saba yi shi ne su ɗauko bokiti da omo da buroshi, su jiƙa takalmin sharkaf, su dirje shi da ƙarfi, sannan su kife shi a kan katanga rana ta busar da shi. Ni ma haka na riƙa yi shekara da shekaru, har sai da na yi asarar wani takalmi da na daɗe ina tara kuɗinsa. Wanki uku kacal na yi masa, sai gefensa ya koma ruwan ɗorawa, tafinsa ya buɗe baki ta gaba, jan ƙasar da nake son fitarwa kuma ta ƙara kama yadin. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma tun daga lokacin na koma tsabtace takalmana a bushe.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa ruwa yake yin wannan ɓarna, domin wanda ya gane dalilin zai iya tsara aikin da kansa ko da ba a gaya masa komai dalla-dalla ba. Dattin da ke hawa takalmi a wannan yanki namu yawancinsa busasshiyar ƙura ce, kuma muddin tana bushe, a saman zare kawai take zaune, buroshi yana iya kore ta. Da zarar ruwa ya taɓa ta sai ta zama laka, ta bi ruwan ta shige can cikin zaren inda hannu ba ya kaiwa. Jan burjin da ake zubawa a hanyoyin unguwa ya fi muni, saboda jan nasa daga sinadarin ƙarfe yake fitowa, irin wanda ke sa tsatsa ta yi ja, shi ya sa yake kama farin yadi kamar rini. Ga kuma sabulu: takalmi ba riga ba ne da za a matse a sake ɗaurayewa, saboda haka kusan kullum akan bar ragowar omo a cikinsa, idan kuma rana ta buge shi sai ragowar ta taru a gefe ta bar zobe mai launin rawaya. Sannan akwai gam, wanda shi ne yake riƙe da tafin yawancin takalman zamani. Jiƙawa da busarwa a rana mai zafi suna raunana shi, musamman a takalmin gwanjo wanda gam ɗinsa ya riga ya kwana biyu kafin ya iso hannun mai saye. Wannan duk ban da kuɗin jarkar ruwa da mutum zai biya ɗan garuwa a lokacin bazara.

Kafin a taɓa komai, a duba a ga da me aka yi saman takalmin, domin abin da zai gyara wani shi ne zai lalata wani. Akwai mai santsin fata, irin Air Force 1 na kamfanin Nike wanda ya fara fitowa a 1982 kuma har yau matasa suke rububinsa, tare da ɗimbin kwaikwayonsa da ake yi da leda mai kama da fata. Akwai na yadi zalla, wanda shi ne ainihin kambas, irin All Star na Converse da irin wanda 'yan makaranta da masu bautar ƙasa suke sawa. Akwai mai raga, na gudu da motsa jiki, wanda ake yawan gani a ƙafar masu atisaye da safe a filin wasa na Haliru Abdu. Sai kuma fata mai gashi-gashi, mai laushi kamar karammiski, wadda ruwa ya fi yi wa illa fiye da kowace. Takalmi ɗaya yakan haɗa biyu ko uku daga cikinsu, don haka kowane ɓangare da irin kulawarsa.

Kayan aikin ba su da tsada, kuma galibinsu suna nan a gida: buroshin takalmi mai laushi wanda bai taɓa shan baƙin mai ko jan mai na goge takalmi ba, tsohon buroshin goge baki, farin ƙyallen auduga kamar tsohuwar singileti, farar kilina irin ta goge fensir, tsinken sakace, garin sitaci, garin bekin soda, farin alli, farin makilin, da ɗan sifirit marar launi daga kemis. Maganar buroshi tana da muhimmanci. Na sha ganin an miƙa farin takalmi ga mai shushaina ya share shi da buroshin da ya gama goge baƙin sau-ciki, aka tashi da tabon da ya fi na farko. A ware wa farin takalmi buroshinsa shi kaɗai, a kuma adana shi a cikin leda.

Aikin farko, kuma wanda ya fi kowane tasiri, shi ne fitar da ƙura. Idan takalmin ya taka laka ne, kamar a damina ko bayan mutum ya ratsa fadamar Argungu lokacin aikin shinkafa, kada a yi gaggawar goge ta tana ɗanye, domin shafa ta kawai za a yi a cikin zaren. A ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa har lakar ta bushe ƙayau ta fara tsagewa da kanta. Daga nan a zare igiyar gaba ɗaya, a ciro shimfiɗar ciki idan mai fita ce, sannan a cusa farar takarda a cikin takalmin har ya cika ya tsaya da kyau, yadda buroshi zai sami abin dogara. A guji jarida, saboda tawadarta takan koma jikin farin yadi idan akwai ɗan gumi a ciki. A kama ƙafa biyun a buga tafinsu da juna sau da yawa a waje, za a ga ƙasa tana zubowa daga ramukan ƙasan. Sai a ɗauki buroshi mai laushi a fara daga sama a gangaro ƙasa, ana shara ta fuska ɗaya, gajere gajere, kamar mai kaɗe gari daga faifai. Idan aka yi ta kai da komo da ƙarfi, ƙurar cikin zaren za ta ƙara nitsewa. A ɗaga harshen takalmin a share ƙarƙashinsa, a bi hudojin igiya ɗaya bayan ɗaya da buroshin goge baki, sannan a bi layin ɗinki da kuma mahaɗar da ke tsakanin yadi da roba, domin a nan ne jan ƙasa take maƙalewa ta zana wani siririn layi da ke tona asirin takalmi ko da sauran jikinsa ya yi fes. Tsinken sakace yana fitar da ƙananan duwatsu da busasshiyar laka daga zanen tafi. A kan raga, a sassauta hannu ƙwarai, a riƙa ɗan bubbuga wurin da yatsa ta ciki yayin da ake sharewa, don ƙurar da ta shiga ramukan ta fito.

Hanyar gane ko an gama wannan mataki mai sauƙi ce. A naɗe farin ƙyalle a yatsa a shafa a jikin takalmin. Idan ya fito da ja ko toka-toka, to da sauran aiki, a koma wa buroshi. Ina nanata wannan ne saboda duk abin da za a shafa daga baya, makilin ne ko alli, idan ya tarar da ƙura sai ya cakuɗa da ita ya zama wani dattin. Sau da yawa ma, bayan minti goma na shara mai kyau, mutum zai tarar rabin abin da yake zaton tabo ne ya tafi.

Bayan ƙura sai zane da gurzuwa, kuma a nan kilina take aiki. Baƙin layin da ke fitowa a farar robar gefe idan ƙafa ta gogi ɗayar, ko ta gogi bakin kwalta, galibi ɗan ɓurɓushin wani abu ne ya manne a sama, kuma farar kilina tana ɗauke shi kamar yadda take ɗauke rubutun fensir. A goga a hankali, a hure ɓurɓushin, a sake. Kilina mai launi, ja ko shuɗiya, takan bar nata launin, don haka a nemi fara. Masu hawa mashin, ko nasu ko na kabu-kabu suke tuƙawa, sun san wani tabo na musamman a saman yatsun ƙafar hagu, daidai inda ƙarfen canza giya yake taɓawa. Idan aka bi shi da kilina a ranar da ya fito yakan tafi, amma idan aka bari ya yi makonni ana ƙara masa, sai ya ci saman fatar ya zauna. Wanda kullum yake kan mashin ya fi dacewa ya sa wa ƙarfen giyar 'yar roba mai tsabta. Ƙunar salansa a ƙafar dama kuwa ba datti ba ce, narkewa ce, babu gogar da za ta fitar da ita. Ita ma fata mai gashi-gashi kilina ce maganinta: a goge tabon, sannan a tayar da gashin da busasshen buroshi ta fuska ɗaya.

Tabon maiƙo shi ne wanda mutane suka fi ɓatawa da hannunsu. Ɗigon manja daga miya, ko man soyayyen kifi, ko na tsire, ko baƙin man sarƙar mashin, idan ya faɗa a kan yadi abin da zuciya take fara raya wa mutum shi ne ya murza da ƙyalle, kuma murzawar ce take faɗaɗa shi. A ɗora ƙyalle ko takarda a danna kawai, a ɗaga, don a tsotse wanda bai shiga ba. Sai a zuba garin sitaci a kan wurin har ya yi ɗan tudu, a danna shi da bayan cokali, a bar shi ya kwana. Garin yana jawo man daga cikin zaren zuwa jikinsa, shi ya sa da safe za a tarar ya dunƙule ya ɗan sauya launi. A kaɗe shi da buroshi, a duba, idan da saura a maimaita sau biyu ko uku. Farar hodar jarirai ko dakakken alli suna yin wannan aiki idan babu sitaci. Manja yana da launinsa na kansa, saboda haka a kan farin yadi maiƙon zai fita amma wata 'yar inuwa tana iya saura, wadda sai a rufe ta a matakin farantawa. Sabon tabo ya fi tsoho saurin fita nesa ba kusa ba.

Makilin yana da amfani, amma an cika zuzuta shi. Abin da yake yi shi ne kankara, domin a cikinsa akwai wani gari mai laushi da aka sa don ya goge haƙori, kuma shi ne yake cire dattin da ya kama farar roba da fata mai santsi. A nemi fari sol, ban da mai launin ja ko kore ko shuɗi da ake gani ta cikinsa. A ɗora kamar ƙwayar wake a kan busasshen buroshin goge baki, a bi gefen robar ana zagayawa, a bar shi kamar minti goma, sannan a goge da busasshen ƙyalle har sai wurin ya daina danƙo. A ra'ayina kada a kai shi kan raga ko yadi, ko da an ga wasu suna yi, domin da zarar ya shiga ramukan zare ba ya fita sai da ruwa, kuma idan ya bushe a ciki yakan yi tauri ya riƙa kama sabuwar ƙura. Fata mai gashi-gashi kuwa kada ma ya kusance ta.

Sifirit na tabon biro ne da danƙon da ya manne, kamar na cingam ko na takardar farashi. Yana bushewa nan take, shi ya sa ba ya jiƙa takalmi. A ɗiga kaɗan a auduga, a fara gwadawa a wani ɓoyayyen wuri kamar cikin dunduniya, domin yakan ɗauke fentin wasu takalman leda. Idan bai yi illa ba, a riƙa dannawa a kan tabon daga gefe zuwa tsakiya, ana sauya audugar da zarar ta ɗauki launi. A yi wannan nesa da murhu ko risho, domin yana kama wuta.

Sai a zo ga farantawa, wadda ita ce ta ƙarshe a jerin aikin. Ga takalmin yadi, a barbaɗa busasshen garin bekin soda a jikinsa, a shigar da shi cikin zaren da buroshi a hankali, a bar shi awa biyu ko uku a inuwa, sannan a kaɗe shi sarai. Yana ɗauke sauran maiƙon gumi da ƙurar da ta yi saura, yadin ya ɗan washe. A lura cewa bekin soda daban yake da bekin foda da ake sa wa kek da cincin, wanda aka haɗa shi da wasu abubuwa. Masu sayar da kayan fulawa a kasuwa suna da duka biyun, sai a faɗi wanda ake so. Bayan haka, idan akwai wurin da ya dushe, a goga farin alli a kai, a shafe da yatsa ko ƙyalle don ya bazu daidai, a kaɗe abin da ya yi yawa. Wannan tsohuwar dabara ce ta 'yan makaranta ranar maci, kuma har yanzu tana fitar da masu bautar ƙasa kunya a sansanin Dakingari, inda mutum yake shafe mako uku yana fareti da farin takalmi a cikin ƙura, ga layin ruwa ga ƙarancin lokaci. Sai dai a sani cewa alli rufewa yake yi, kwana ɗaya ko biyu ya kaɗe, kuma idan aka yi ta labta shi a kan datti ba tare da an share ba, yakan taru ya yi ɓawo. Akwai kuma farin ruwan shafawa na takalmi da ake sayarwa a kwalba mai soso a baki. Ya fi alli daɗewa, yana kuma rufe zanen da ya ci fata, amma a shafa shi siriri a bar shi ya bushe kafin a ƙara, domin mai kauri yana tsagewa a inda takalmi ke lanƙwasa.

Akwai abubuwan da nake roƙon mai karatu ya nisanta su da takalminsa duk yadda aka yaba masa su. Fetur da kananzir da tinar da ake tsinka fenti da ita da ruwan cire jan farce suna narkar da gam, suna cin fenti, kuma kananzir yana barin nasa maiƙon da wari. Bilic, wanda ake zaton shi ne sarkin faranta kaya, yakan mayar da raga da roba ruwan ɗorawa, irin rawayar da ba ta komawa. Kanwa tana busar da fata ta sa ta tsage. Soson ƙarfe na wanke tukunya kuma yana kankare saman roba ya bar ta da kaushi, daga nan ta fi da saurin kama datti.

Wajibi ne in faɗi iyakar wannan hanya. Idan farar robar tafi ta yi rawaya saboda tsufa, to robar ce da kanta ta sauya sakamakon rana da zafi da iska, kuma kilina ko makilin ba za su mayar da ita yadda take ranar da aka saya ba. Iyakarsu su cire dattin da ke sama, ta ɗan yi haske. Abin da ke hannun mutum shi ne ya jinkirta zuwan rawayar. A garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, barin takalmi a tsakar gida da rana tsaka, ko a cikin mota a rufe, ko a ƙofar shago tun hantsi har la'asar, yana tsufar da shi fiye da tafiyar da ake yi da shi. Ko a masallaci, ya fi kyau a nema masa gefen da inuwa take.

Cikin takalmi ma yana da haƙƙinsa, kuma a nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Muna alwala sau da yawa a yini, kuma da yawanmu muna mayar da ƙafa cikin safa da takalmi tana da sauran danshi. Wannan danshi, haɗe da gumi, shi ne yake haifar da wari, yake kuma ratsowa ta yadi ya bar tabo a gefen yatsu. Ɗan ƙaramin tawul ko hankici a aljihu, a tsane ƙafa har tsakanin yatsu kafin a sa safa, yana rage matsalar sosai. Idan warin ya riga ya kama, a zuba cokali ɗaya na garin bekin soda a kowace ƙafa, a girgiza ya bazu, a bar shi ya kwana, da safe a zazzage a share. Wasu suna amfani da gawayi, kuma yana shan wari, amma sai an ƙulle shi a cikin tsohuwar safa mai kauri don kada baƙinsa ya taɓa yadin. Shimfiɗar ciki a riƙa ciro ta tana shan iska a inuwa, kuma wanda yake da hali ya riƙa hutar da takalmi kwana ɗaya tsakanin sawa da sawa.

Igiya ita kaɗai ce nake yarda a wanke, tun da an riga an zare ta kuma kofi ɗaya na ruwa ya ishe ta. A tabbata ta bushe sarai kafin a mayar. Idan ta yi baƙi a wuraren da take gogar hudoji, sabuwa ba ta da tsada, kuma farar sabuwar igiya tana ɗaga takalmi fiye da yadda ake zato.

Wajen ajiya, a bar takardar nan a ciki don kada gaban takalmin ya karye, a sa shi a kwalinsa ko a jakar yadi, a ɗora a wuri mai tsayi nesa da taga. Leda a ɗaure ba ta dace ba, musamman a damina, saboda tana riƙe danshi har fumfuna ta fito. 'Yan ƙananan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake tararwa a cikin kwalin sabon takalmi ko na magani, danshi suke sha, don haka a bar su a ciki, a kuma kiyaye kada yara su kai su baki. A lokacin hunturu, sharar minti biyu da buroshi duk yamma idan an dawo gida ta wadatar, sai a bar cikakken aikin zuwa ƙarshen mako. Idan kuma ana cikin shara aka lura tafin ya fara ɗagawa ko da kaɗan ne, a dakatar da sa shi, a kai wa mai gyaran takalmi ya kankare tsohon gam ɗin ya sa sabo, ko ya bi shi da ɗinki da farin zare, tun ƙasa ba ta cika wurin ta hana gam kamawa ba.